DARASI: YADDA ZA MU TSARE KUƊIN ƊAKIN HAƘORI

'Yan'uwa manoma, da dama cikinmu suna cikin kwamitin ɗakin magani ko na asibitin ikkilisiya. A wasu wuraren akwai ɗakin haƙori, inda ake cire haƙori ko a cike wanda ya ruɓe. Aiki ne mai kawo kuɗi kullum, yawancinsu kuwa kuɗin hannu ne. Likita yana ciki, ya sunkuya a kan bakin majiyyaci, ba ya ganin abin da ake yi a teburin akawu. Shi ya sa zamba takan shiga irin wannan wuri da sauƙi. In kuwa kuɗi suka zurare, allura za ta ƙare, albashi ya makara, likita ya koma birni, mu kuma mu koma hannun mai cire haƙori na kasuwa.

Abin da ke sa amintacce ya ci amana

Wani masani a Amurka, Donald Cressey, ya zauna da fursunonin da aka ɗaure don cin kuɗin da aka ba su amana, ya buga abin da ya gano a shekarar 1953. Daga aikinsa ne aka san abu uku da sukan haɗu kafin a yi zamba. Na farko matsi, kamar bashin da mutum yake jin kunyar faɗa. Na biyu dama, wato babu mai dubawa. Na uku hujjar da yake ba zuciyarsa, misali ya ce rance ne, zai mayar a ƙarshen wata.

Kwamiti ba zai iya shiga zuciyar mutum ba, amma yana iya rufe dama. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Babbar dama ita ce a bar wa mutum ɗaya karɓar kuɗi, da rubutawa, da kai wa banki.

Hanyoyin da kuɗi ke bi

1. A karɓi kuɗi ba a ba da rasit ba, ba a kuma rubuta sunan majiyyaci a littafin kuɗi ba.
2. A rubuta wa majiyyaci cikakken kuɗi a rasit, a rubuta ƙasa da haka a kwafin da ya rage a littafi.
3. A rubuta cewa an yafe wa wani don talauci, alhali ya biya.
4. A ci kuɗin wanda ya biya jiya, a toshe ramin da kuɗin na yau, gobe kuma a nemi na wani.
5. A ba majiyyaci lambar asusun ma'aikaci ya tura kuɗi ta waya, maimakon asusun asibiti.
6. A haɗa baki da mai sayar da kaya a ƙara farashi, ko a biya kuɗin kayan da ba su zo ba, ko a kwashi allurar kashe zafi a sayar a waje.
7. A aika wa inshorar lafiya takardar neman kuɗin aikin da ba a yi ba. Wannan laifi ne da zai jawo wa asibitin duka hukunci da zubar da mutunci.

Kada mu raina ƙaramin abu. A ce cire haƙori naira 5,000 ne, ana ɓoye kuɗin mutum biyu kowace rana, kwana biyar a mako. Naira 50,000 ke nan a mako. Cikin mako 50 ya zama naira 2,500,000.

Rigakafi

Magani shi ne littafi uku a hannu uku. Likita ya riƙe littafin aiki, ya rubuta sunan kowane majiyyaci da abin da ya yi masa. Akawu ya riƙe littafin rasit mai lamba a jere. Ma'aji ya kai kuɗi banki ya ajiye takardar shaida. Kada ɗayansu ya rubuta a littafin ɗan'uwansa.

Bayan wannan, ga ƙa'idodin da kwamiti zai kafa:

A kafa takardar farashi a ƙofa da manyan haruffa, a rubuta a ƙasa cewa kowa ya nemi rasit. A kafa sunan asusun asibiti da lambarsa a nan. Wanda ya tura kuɗi ta waya, a tabbatar sun shiga asusu, kada a dogara ga saƙon da ya nuna a wayarsa.

Mutum biyu su ƙirga kuɗi da yamma, su sa hannu tare. Rasit ɗin da ya ɓaci kada a yage shi, a ja masa layi a bar shi a littafi. Yafe kuɗi sai da sa hannun shugaban kwamiti. Fid da kuɗi daga banki sai da hannu biyu, kuma kada a sa hannu a cek ɗin da ba a cika ba. Wanda ya sayo kaya ba shi zai karɓe su a sito ba. In ana aiki da kwamfuta, kowa da lambar sirrinsa. Mu kuma mu biya ma'aikata albashinsu a kan kari, kada mu zama mu ne muka kawo matsin.

Yadda za mu gane

Kowane wata wani ɗan kwamiti da ba ya taɓa kuɗi ya jera littattafan nan uku ya gwada su. In likita ya rubuta mutum 40, rasit kuwa 34, ina sauran shida? Ya gwada allurar da ta fita daga sito da yawan haƙoran da aka cire. Ya zaɓi majiyyata kaɗan ya tambaye su nawa suka biya. Wani lokaci ya zo ba sanarwa.

Mu lura da ma'aikacin da ba ya yarda ya tafi hutu, ko mai fushi in an nemi littafi, ko wanda rayuwarsa ta fi ƙarfin albashinsa. Waɗannan alamu ne kawai, ba shaida ba. Amma hutu dole ne, domin in wani ya zauna a teburin mako biyu, ramin da ake toshewa yakan fito.

Ƙungiyar masu binciken zamba ta ACFE ta nuna a rahotonta na 2024 cewa kashi 43 cikin 100 na zambar da ta nazarta, ta wurin tsegumi aka gano su, fiye da rabin masu tsegumin kuwa ma'aikata ne. Zamba takan kai kamar wata 12 kafin a gane ta. Saboda haka mu ajiye akwatin ƙorafi mai kwado, mu kuma rufa wa mai faɗa asiri.

In an ga ɓaraka, kada a yi shela a coci ko a kasuwa. A kulle littattafai, a kira odita daga waje, a saurari wanda ake zargi a gaban shaidu. In laifi ya tabbata, a bi doka. Kada a canja masa wuri shiru ya je ya cuci wasu.

Wani zai ce, ai ɗan'uwa ne, bincikensa rashin yarda ne. Mu tuna a littafin Sarakuna na Biyu, sura 12, magatakardan sarki da babban firist tare suke ƙirga kuɗin akwatin Haikali. Ƙirga ta mutum biyu tana wanke mai gaskiya daga zargi. Ƙa'idodin nan kuma sun dace da asusun takinmu da na rancen ƙungiyarmu ta gama kai.

Tambayoyi don taron ƙungiya

1. A ɗakin maganinmu, mutum nawa ne ke taɓa kuɗi daga tebur zuwa banki?
2. Yaushe aka gwada littattafanmu na ƙarshe, wa ya gwada?
3. Wace ƙa'ida ɗaya za mu fara da ita a wannan wata?