Ciwon cikin doki da abin da ya ke yi wa jini

Ɗan'uwa mai karatu, in ka taɓa kiwon doki, ka san irin wannan rana. Doki ya ƙi harawa, ya na tonon ƙasa da ƙafar gaba, ya na waiwayen cikinsa. Ya kwanta, ya yi birgima, ya tashi, gumi na zuba. Sai a ce ciwon ciki ne. To, gaskiya ne, amma abin ba a ciki kaɗai ya ke tsayawa ba. Sau da yawa abin da ke kashe dokin, jininsa ne da ya ɓaci.

Hanjin doki dogo ne ƙwarai. Ƙaramin hanji kaɗai ya kai mita 20. Kuma doki ba ya iya amai. Abin da ya shiga, sai dai ya fita ta baya. Busasshen abinci ba tare da isasshen ruwa ba ya na toshe hanji. Haka rairayin da doki ke haɗiyewa in an zuba masa abinci a ƙasa. Wani lokaci kuma hanjin ne ke murɗewa, jini ya daina isa wurin.

Da hanji ya toshe, abubuwa uku ke samun jini.

Na farko, jini ya yi kauri. Kullum jiki na zuba ruwa mai yawa cikin hanji don narkar da abinci, daga baya ya tsotse abinsa. In hanya ta toshe, ruwan ya taru can, ba ya komowa. Jini ya zama kamar kunun da ya ji gari, zuciya ta na wahalar tura shi.

Na biyu, dafi ya shiga jini. Cikin hanji akwai ƙwayoyi masu yawan gaske da ido ba ya gani. Muddin bangon hanji na da lafiya, dafinsu ba ya wucewa. In bangon ya rasa jini ya fara ruɓewa, sai dafin ya ratsa, ya bi jini ko'ina.

Na uku, daskarewar jini ta rikice. Ka san in ka yanke, jini na zuba kaɗan, sannan ya daskare ya rufe ciwon. Akwai abubuwa cikin jini masu wannan aiki, amma su na da iyaka. Dafin nan ya na sa jini ya yi ta ƙananan gudaji cikin jijiyoyi, inda babu ciwo. Gudajin su tare hanyar jini zuwa ƙoda da huhu da hanta. Kafin a jima, abubuwan daskarewar sun ƙare, kamar mai gidan da ya ɓarnatar da geronsa tun da kaka, bazara ta tarar da rumbu wayam. Daga nan ko allura a ka yi wa dokin, wurin ya yi ta zubar jini. Wani kuma jijiyar wuyansa ta toshe, ta yi tauri kamar igiya.

Ƙaƙa za ka gane? Ɗaga leɓen dokin ka dubi dasashi. Na mai lafiya ja-ja ne mai haske, da danshi. Danna da yatsa ka saki: wurin zai yi fari, launin ya komo kafin ka ƙirga biyu. In dasashin ya bushe, ya yi ja wur ko ya koma shuɗi-shuɗi, launin kuma ya na jinkirin komowa, jini ya fara ɓaci. Sa hannu bayan gwiwar ƙafar gaba ta hagu, ka ƙirga bugun zuciya na minti guda. Doki mai hutawa ya na yin 28 zuwa 44. In ya wuce 60, abin ya yi tsanani.

Kada ka jira sai gobe. Janye abinci, ka aika a kira likitan bisashe nan da nan. Shi ne zai yi ƙarin ruwa ta jijiya, ya ba da maganin zafin ciwo. Kada ka yi wa dokin ɗura ta hanci, don ruwan na iya faɗawa huhu. Kada ka yi masa tsaga, jinin da ya rage ya na bukatarsa.

Rigakafi ya fi magani. Ba shi ruwa mai tsabta ya sha ya ƙoshi, balle da zafi. Zuba abinci cikin komi, ba a ƙasa ba. In za ka canja masa abinci, yi sannu-sannu. Ka riƙa ba shi maganin tsutsar ciki, don akwai wadda ke shiga jijiyar hanji ta sa jini ya daskare a ciki.

Tambayoyi
1. Mi ya sa jinin doki ke kauri in hanji ya toshe?
2. Ƙaƙa dasashin doki mai lafiya ya ke?
3. Don mi ba a yi wa doki mai wannan ciwo tsaga?