Me Ya Sa Aka Hana Ni Taɓa Aikin Binciken?

Tambaya: Ina digirin digirgir a fannin injiniya a Amurka. Farfesana ya ce sai an samo lasisi kafin in sa hannu a wani aiki na jirgi marar matuƙi. Ba wariya ba ce kuwa? Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, malamin naka kansa yake karewa. A dokar Amurka, nuna wa baƙo bayanan fasahar da aka taƙaita, ko a cikin harabar jami'a ne, daidai yake da aika su ƙasarsa. Fasahar soja tana ƙarƙashin dokokin ITAR na Ma'aikatar Harkokin Waje, wadda kuma farar hula da soja ke amfani da ita tana ƙarƙashin EAR na Ma'aikatar Kasuwanci.

Tun umarnin Shugaba Reagan na 1985, binciken da za a wallafa a fili ba ya buƙatar lasisi. Amma da zarar mai ba da kuɗin ya sa sharaɗin hana wallafawa, sassaucin ya faɗi. Ina zaton nan gizo ke saƙar a aikinku. Ba wasa ba ne: a 2009 an yanke wa Farfesa Reece Roth na Jami'ar Tennessee hukuncin ɗaurin shekara 4 saboda ya bai wa ɗalibai 'yan Sin da Iran irin waɗannan bayanai.

Je ka ofishin jami'ar mai kula da dokar, ka nemi a rubuta maka matsayinka. Idan lasisin zai ja lokaci, ka roƙi a ba ka ɓangaren da babu sharaɗi a kansa. In za ka zo gida hutu, kada ka taho da kwamfutar aikin sai da izininsu.