Idan Dikoda Ta Shiga Sabunta Manhaja, Kada Ka Zare Mata Waya

Ƙorafin iri ɗaya ne, ko a Yankara aka ji shi ko a Ƙanƙara ko Sabuwa. Jiya dikoda lafiya lau take, yau da aka kunna sai ga wani layi yana rarrafe a fuskar talabijin, ga rubutun Turanci wai a jira. Da ta gama, tashoshi sun sauya lamba, shirin da aka naɗa don a kalla bayan isha'i ya ƙi buɗewa, ko kuma ta ƙi tashi gaba ɗaya, sai jar fitilar nan ta gaba kawai ke ci. Mai gidan kallo da ya riga ya rubuta wasannin Asabar da alli a allon ƙofar shago, yara sun cika benci, shi ya fi kowa sanin zafin abin. Fushin yana da hujja, amma galibi ba a inda ya kamata ake sauke shi ba. Sabuwar manhaja ba kasafai take kashe dikoda ba. Abin da ke kashe ta shi ne a katse ta tana tsakiyar aiki, ko a ɗura mata manhajar da ba tata ba.

Dikoda ƙaramar kwamfuta ce. Kamfanoni irin su DStv da GOtv da StarTimes suna turo sabuwar manhaja ne ta hanyar da hoto ke zuwa, wato ta dish ko eriya, ba ta layin waya ba. Shi ya sa ko a ƙarshen 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, hoton tauraron ɗan Adam bai daina sauka ba. Aikin sabunta manhajar hawa biyu ne. Da farko dikoda tana tattara manhajar gutsure-gutsure, ta duba ko ta cika. Idan wuta ta ɗauke a nan, da sauƙi, za ta sake daga farko. Hawa na biyu shi ne mai haɗari, domin a nan take goge tsohuwar tana rubuta sabuwar a ƙwaƙwalwarta. Wanda ya zare waya a wannan gaɓa kamar wanda ya yaye rufin ɗaki ne, hadari ya taso kafin a buga sabon kwano. Manyan dikodoji suna da wata ƙaramar manhajar ceto da kan sake janyo aikin, amma da yawa daga masu arahar da ake kama tashoshin kyauta da su ba su da wannan gata.

To a garin da wutar KEDCO baƙuwa ce, maganin a fili yake. Kada a bar sabuntawa ta kama a kan wutar da ba a san ranar tafiyarta ba, ko a kan ƙaramin janaretan da mansa ya kusa ƙarewa yana tari. Dikoda ba ta da cin wuta, batirin sola da ƙaramar inbata sun ishe ta. Idan ta ba da zaɓin a jinkirta, a jinkirta zuwa safiyar da ba wasa, sama kuma garau, domin ruwan damina mai ƙarfi yana dushe siginar dish. A leƙa shafin sigina tukuna. Layi biyu ne a wurin, na ƙarfi da na inganci, kuma na ingancin ne abin dubawa. Idan yana ƙasa, a gyara zaman dish, a duba bakin wayar da ke shiga LNB, wato kan da ke gaban dish, ko ya yi tsatsa. Da zarar sabuntawar ta fara, a ajiye rimot. Ko layin ya yi kamar ya tsaya cak, a ba ta aƙalla rabin awa, takan kashe kanta ta kunna fiye da sau ɗaya, ba lalacewa ba ce.

Wani zai ce, abin da ke aiki lafiya me ya kai a taɓa shi? Tambaya ce mai kyau, sai dai dikoda ba rediyo ba ce da za a saya a manta. Masu watsa shiri suna sauya mita, suna sauya makullin da ke buɗe tashoshin kuɗi, suna sauya salon matse hoto. Dikodar da ta ƙi bin sawu, wata rana allo baƙi za ta nuna. Inda mai ƙorafi ya yi gaskiya shi ne wajen sanarwa: saƙon yana zuwa da Turanci, ba a faɗin abin da zai sauya, ofishin gyara kuma sai an hau mota zuwa Funtuwa ko Gusau, wani lokaci har Kano, a hanyar da kowa ya san halinta. Wannan nauyi ne a wuyan kamfanoni, kuma wanda sabuntawar kamfani ta lalata masa dikoda yana da damar neman gyara ko canji, in aka ƙi sauraronsa ya kai kuka hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC.

Batun shirye-shiryen da aka naɗa kuwa, a daina gaggawar cewa sun ɓace. A dikodojin biya, abin da aka naɗa a kulle yake, yana ɗaure da wannan dikoda da kuɗin wata, ba kamar bidiyon cikin waya ba ne. Sau da yawa yana nan, jerin sunayen ne bai dawo ba, ko kuɗin ne ya ƙare. Idan sabuntawar ta gama, a kashe daga soket, a jira minti ɗaya, a kunna. Abin da ke share su har abada shi ne danna umarnin goge ma'ajiya cikin fushi. Mayar da dikoda yadda ta fito daga kamfani ma ba abin farawa ba ne, musamman ga mai tashoshin kyauta, domin duk saitin da mai ɗaura dish ya yi zai tafi.

Saura mai gyaran kasuwa da filashinsa, wanda zai ce a kawo ya ɗura mata manhaja. A dikodar kyauta yana iya ceto ta, da sharaɗin manhajar ta dace da lambar samfurin da ke rubuce a ƙarƙashinta, domin jabu sun yi yawa, suna ɗaya a jiki, kayan ciki daban. Ka sa ya kwafe maka jerin tashoshinka kafin ya fara. Amma dikodar biya, kada ka bari kowa ya buɗe ta in ba wakilin kamfanin ba, garantinka zai tafi a banza. Ka juya ta yau ka kwafe lambobin da ke jikinta da na katinta a takarda, ka haɗa da rasit ka adana, su za a fara tambayarka.