DARASI: RIƘON YARA DA HAƘƘIN MARAYA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata al'ada a cikin birnin nan namu na Kano wadda ya kamata mu auna ta da ma'aunin Shari'a. Magidanci zai rasu, tun matarsa ba ta fita takaba ba dangi sun zauna a zaure sun raba 'ya'yansa: wannan baffa ya ɗauka zuwa Yakasai, wannan goggo ta tafi da ita Mandawari, na goye kaɗai za a bar wa uwa. Yaro ya rasa uba, mu kuma mu raba shi da uwa da 'yan'uwansa, mu ce zumunci muka yi. To, ina muka samo wannan?

Na farko, reno haƙƙin uwa ne. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, uwa ce ke riƙe ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta yi wani aure, sai kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Dubi 'yar Sayyidina Hamza (R.A.): a shekara ta 7 bayan Hijira, Aliyu da Ja'afar da Zaidu kowa ya nemi riƙonta, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya ba Ja'afar, domin matarsa 'yar'uwar uwar yarinyar ce. Bukhari ya ruwaito. Saboda haka in talauci ne ya hana uwa riƙe 'ya'yanta, maganin shi ne a kai mata hatsi, a biya kuɗin makaranta, a bar su a ɗaki ɗaya. Kuɗin da muke kashewa wajen sadakar uku da bakwai da arba'in, abin da ba Annabi ya koyar ba, da an ba marayun nan da ya ciyar da su watanni.

Na biyu, in riƙo ya zama dole, yaro yana nan da sunan ubansa. Zaidu ɗan Harisa ana kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, har aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta sauka ta yi umarni a kira kowa da sunan mahaifinsa. Don haka haramun ne ka ɓoye wa yaro asalinsa, ko ka hana shi ziyarar uwarsa. Ba ya gadonka, amma kana iya yi masa kyauta, ko wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba.

Na uku, ɗan riƙo amana ne. Hajiya, 'ya'yanki suna Islamiyya, 'yar riƙo kuwa tana bakin Kasuwar Kurmi da farantin talla har magariba, ita ce wanke-wanke, ita ce ɗebo ruwa. Me za ki gaya wa Allah? Kai kuma mai riƙe da gadon maraya kana juyawa don kanka, karanta aya ta 10 ta Suratun Nisa'i, wuta kake zuba wa cikinka. Ka rubuta abin da ke hannunka, ka sa shaidu, ranar da ya yi hankali ka miƙa masa.

Gwamnati tana da gidan marayu a Nassarawa, kuma tun 2003 akwai Hukumar Hisba da Hukumar Zakka da Hubusi. Allah Ya saka wa masu aiki a nan. Amma abin kunya ne yaro mai baffa da kawu a cikin ganuwa ya kwana a gidan marayu. Kowane masallacin unguwa ya san gidajen da aka yi rasuwa. Liman da jama'arsa su rubuta su, su tara abin da ya sawwaƙa duk wata, su kai wa iyayen a asirce.

Manzon Allah (S.A.W.), wanda shi kansa ya tashi maraya a hannun kakansa sannan baffansa Abu Ɗalib, ya haɗa yatsunsa biyu ya nuna kusancinsa da mai kula da maraya a Aljanna. Allah Ya sa muna cikinsu, Ya jiƙan iyayenmu, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.