Yadda Ake Tace Bidiyo Na Tsaye Ba Tare Da Ya Dushe Ba

A zamanin majigi, hoton da akan haska wa jama'a a ƙofar fada faɗinsa ya fi tsawonsa. Yau kuwa yawancin mutane a wayar hannu suke kallo, ita kuma a tsaye ake riƙe ta. Saboda haka ma'aikatan gona da na lafiya da 'yan kasuwa sun koma yin bidiyo na tsaye. Amma sau da yawa akan ɗauki hoto garau, kafin ya isa ga mai kallo ya zama dishi-dishi.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsutsar nan mai cin masara wadda ta ɓulla a Nijeriya a 2016, ana gane ta da alama mai kama da harafin Y a kife bisa kanta, da ɗigo huɗu kusa da wutsiyarta. In malamin gona ya aika da bidiyon da alamun nan suka ɓace a ciki, manomi yana iya sayen maganin da ba shi ba ne, ya yi hasarar kuɗi da amfanin gona.

Asalin Hoto

Kowane hoto da ƙananan ɗigogi aka gina shi. Bidiyo na tsaye mai kyau yana da ɗigo 1080 a faɗi, 1920 a tsawo, watau awon 9 da 16. In aka ɗauko na kwance mai 1920 da 1080 aka yanke gefensa don ya tsaya, abin da zai rage 608 ne da 1080, bai kai sulusin ɗigogin farko ba. Da an buɗa wannan ragowa don ta cika fuskar waya, sai hoto ya dushe. Maganinsa a ɗauki hoton a tsaye tun farko. In kuwa tilas ne a yanke, to a ɗauka da babban awon da ake kira 4K, mai 3840 da 2160, domin bayan yanka zai bar 1215 da 2160, ya ishi bukata.

Wajen Ɗauka

Tun ran gini tun ran zane. A goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi, balle lokacin hunturu da ƙura ta yi yawa. A nemi wuri mai haske, gama hoton da aka ɗauka cikin duhu yakan fito da tsaki-tsaki. Kada a jawo abu da yatsa a fuskar waya, gara mutum ya matsa kusa da ƙafarsa.

Wajen Tacewa

Kafin a fara aiki a manhaja irin su CapCut ko InShot, a zaɓi awon 9 da 16. A lura da yawan hotunan da wayar ta ɗauka cikin daƙiƙa guda, in 30 ne a bar shi 30 har ƙarshe. Kada a cika ƙara kaifi, don yakan sa wa gefen abubuwa farin layi. Rubutu kuma a ajiye shi wajen tsakiya, domin a TikTok maɓallai sukan rufe ƙasa da gefen dama.

Wajen Fitarwa da Aikawa

Duk sa'ad da aka fitar da bidiyo, manhaja takan matse shi ta zubar da wani abu daga cikinsa. Kamar rigar rini ce, kowane wanki da abin da yake ragewa. Don haka a yi aiki da fayil na asali, a gama gyara duka, sa'an nan a fitar sau ɗaya. A zaɓi 1080, kada nauyinsa ya gaza megabit 8 a daƙiƙa, wanda shi ne awon da YouTube ya ba da shawara. WhatsApp ma yana matse bidiyo. In za a miƙa wa abokin aiki, a aika ta hanyar da ake aika takardu, zai isa yadda yake. In ga jama'a ne, a taɓa alamar HD wadda aka shigo da ita a 2023.

Daga ƙarshe, lalle a duba bidiyon a wata ƙaramar waya kafin a sake shi. In ɗigo huɗun nan sun fito a cikinta, aiki ya yi.