Ƙofar Ƙarshe ta Tor: Yadda Ake Kama Masu Leƙen Asiri

Daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022, lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, matasa da yawa daga birnin Kano har Kumbotso da Kura suka saba da manhajojin kauce wa shinge, musamman VPN. Ɗaya daga cikin fitattun hanyoyin ɓoye kai a intanet ita ce Tor. Amma tana da wani lungu mai rauni da ya kamata mai waya ya sani.

Yadda Tor ke aiki

Sunan Tor ya samo asali ne daga albasa. Manhajar tana naɗe saƙo cikin ɓawo uku na sirri, ta bi da shi ta kwamfutoci uku na 'yan sa-kai, kowace ta ɓare ɓawo ɗaya. Ta farko ta san mai aikawa, ba ta san inda saƙon ya nufa ba. Ta ƙarshe, wato ƙofar fita, ta san inda ya nufa, ba ta san mai shi ba.

Manomin rani a Bunkure ya san ruwan madatsar Tiga yana ratsa magudanai kafin ya iso gonarsa, kuma wanda ke riƙe da ƙofar ƙarshe zai iya tare shi ko ya gurɓata shi. Haka ƙofar fita take. Idan adireshin shafi bai fara da https ba, mai ƙofar zai iya karanta saƙon, har ya sauya shi. Kuma kowa na iya buɗe irin wannan ƙofa, na kirki da mugu.

Abin ya sha faruwa

A 2007, Dan Egerstad, wani masanin tsaron kwamfuta ɗan ƙasar Suwidin, ya kafa ƙofofin fita, ya tattara kalmomin sirrin imel na ofisoshin jakadanci da na gwamnatoci, ya wallafa guda 100. A 2014, Josh Pitts ya gano wata ƙofa a Rasha da ke cusa muguwar manhaja cikin fayilolin da mutane ke saukewa. A 2020 kuwa, mai bincike da aka sani da laƙabin nusenu ya bayyana cewa a watan Mayu wani gungu ya mallaki kusan kashi 23 cikin 100 na ƙarfin ƙofofin fita. Suna hana shafi komawa https, sannan su musanya adireshin Bitcoin da nasu, kuɗin mutum ya faɗa aljihunsu. Wannan darasi ne ga masu hada-hadar kirifto ta waya.

Yadda ake kama su

Dabara ta farko ita ce kwatance. Philipp Winter da Stefan Lindskog na Jami'ar Karlstad sun fito da manhajar exitmap. Tana bi ta ƙofofin fita ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe shafin da masu binciken suka riga suka san abin da ke ciki da takardar shaidarsa. Duk ƙofar da ta dawo da abu dabam ta tona kanta. Rahotonsu na Janairun 2014 ya lissafa ƙofofi 25 masu ha'inci ko matsala.

Ta biyu ita ce tarko, domin mai leƙe kawai ba ya sauya komai, kwatance ba zai kama shi ba. Sai a tura sunan shiga da kalmar sirri na bogi, kowace ƙofa da nata daban. Ranar da wani ya gwada shiga da su, an san ta inda suka zube. Manhajar HoneyConnector haka take aiki.

Ta uku ita ce lura da ɗabi'a: ƙofofi masu yawa da suka bayyana rana ɗaya, da tsari iri ɗaya, ba tare da mai su ya bayyana cewa nasa ne duka ba. Idan laifi ya tabbata, masu kula da jerin kwamfutocin Tor sukan liƙa wa ƙofa tambarin BadExit, manhaja ta daina fita ta nan, ko su cire ta gaba ɗaya. Sai dai an sha korar masu wannan aiki su dawo da sabbin kwamfutoci.

Abin da mai waya zai yi

1. Ya sauke Tor Browser daga shafin Tor Project ko Play Store, ba daga fayil da aka tura masa a WhatsApp ba.
2. Ya riƙa sabunta shi. Tun 2022 yake zuwa da tsarin https kaɗai a kunne, kada ya kashe.
3. Idan gargaɗi kan takardar shaidar shafi ya fito, kada ya danna ci gaba. Ya nemi sabuwar hanya, in gargaɗin ya ɓace, ƙofar farko abar zargi ce.
4. Kafin tura kirifto, ya tabbatar da adireshin ta wata hanya daban.
5. Ya fifita adireshin onion idan shafi yana da shi, kamar Facebook da BBC, domin saƙon ba ya bi ta ƙofar fita.

Tor tana ɓoye mai aikawa. Kare abin da ke cikin saƙon kuwa aikin https ne, kuma duba shi kafin rubuta kalmar sirri yana hannun mai waya.