Murhun Talaka da Alkawarin Gwamnati a Kan Sauyin Yanayi

A watan Nuwamba na 2021 shugabannin duniya suka hallara a birnin Gilasgo na ƙasar Birtaniya don shawara a kan ɗumamar duniya. A wurin taron ne shugaban Nijeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ɗauki alkawari da sunan ƙasa cewa kafin 2060 hayaƙin da muke turawa sama ba zai fi wanda dazuzzuka da sauran dabaru za su iya shanyewa ba. A cikin watan nan kuma ya sa hannu a kan dokar sauyin yanayi. Da watan Agusta na 2022 ya zo, gwamnati ta fito da shirin sauya makamashi, wanda ya kasa aikin gida biyar: wutar lantarki, sufuri, masana'antu, man fetur da gas, sai girki. Masu sharhi sun fi son zancen huɗun farko, domin can ne manyan kwangiloli suke. Wannan takarda kuwa a kan na biyar za ta tsaya, don shi ne wanda ya shiga kowane gida, na birni da na ƙauye. Abin da muke so mai karatu ya gane shi ne, ba a raba mutum da abin da yake dafa tuwonsa sai an riga an sa masa wani a hannu, wanda aljihunsa zai iya ɗauka. Gwamnatin da ta fara da hani ta bar musanya a baya, ko da niyyarta mai kyau ce, talaka zai cutu, daji kuma ba zai tsira ba.

Ba ma bukatar dogon bayani a kan cewa yanayi ya sauya. Manomi ya ga damina tana makara, ko ta zo da ƙarfin da ƙasa ba za ta iya sha ba. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan guda da gidajensu. Masana sun haɗu a kan cewa babban dalilin ɗumamar nan shi ne hayaƙin kwal da fetur da gas da ake ƙonawa tun da aka fara masana'antu a Turai, hayaƙin da yake taruwa a sama yana riƙe zafin rana. Rabon Afirka duka a cikin hayaƙin da ake fitarwa kowace shekara bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa matar da ke hura wuta a Gumel ko Tasawa ba ita ta ɗumama duniya ba, kuma bai kamata a fara aza mata nauyin gyara ba.

To, in haka ne, me ya sa za a taɓa murhunta? Dalili na farko lafiyarta ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 a duniya kowace shekara, ta hanyar ciwon huhu da na zuciya da shanyewar jiki, kuma mata da ƙananan yara su ne suka fi shaƙarsa. Duk wanda ya san madafin gidajenmu, da baƙin bangonsa, da yaron da ke goye a bayan uwa tana fifita wuta, ba sai an yi masa rantsuwa ba. Dalili na biyu kuwa itatuwa ne. Garuruwa irin su Kano da Kaduna da Yamai suna cin itace da gawayi mota-mota kowace rana, kuma mai yin gawayi ba ya zaɓen ƙaramar bishiya, ƙirya yake nema da marke da kaɗanya, masu daɗewa kafin su girma. Inda aka share su iska takan kwashe ƙasar noma, ruwa ya yanka kwari. Saboda haka barin itace alheri ne ga mai gida kansa tun kafin a kai ga zancen duniya. Gardama a kan hanya take, da wanda zai biya kuɗin tafiyar.

A duba yadda abin ya gudana a Nijeriya. Shekaru da dama kananzir da risho su ne matakin da iyalin birni ke hawa in sun bar itace. A farkon 2016 aka janye tallafin kananzir. Gaskiya ne tallafin ya ruɓe, domin farashin gwamnati naira 50 ne lita amma ba kasafai talaka ke samunsa a haka ba, 'yan tsakiya ke cinye ribar. Sai dai da aka janye ba a ajiye komai a gurbinsa ba, har lita ta zo ta haura naira 1,000. Aka ce wa jama'a su koma gas, wasu suka daure suka sayi tukunya. Cika tukunya mai kilo 12.5, wanda yake wajen naira 4,000 a 2020, ya haura naira 10,000 a ƙarshen 2022, domin farashin yana bin dala. Ran 29 ga Mayu 2023 shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin dakon kowane kaya ya bi ta. Motoci masu amfani da gas da ƙarin albashi mafi ƙanƙanta zuwa naira 70,000 duk daga baya suka zo, ƙarin albashin ma sai a Yuli 2024. A tsakanin nan gidaje da yawa suka jingine tukunyar gas a lungu suka ɗauko kurfoti. Kasuwar gawayi ta buɗe, gatari ya ƙara shiga daji, sai jihohi suka shiga kafa dokar hana sare itace da yin gawayi. Watau an tsadar da kananzir, an bar gas ya tsere, sa'an nan aka zo ana kama mai gawayi. Uwar gida ba za ta ba yara ɗanyen gari ba, saboda haka gawayi bai daina shigowa ba, tsada kawai ya ƙara, da 'yar na-goro a shingen hanya.

Kada a ce wannan rashin wayewar kan mutanenmu ne. A Faransa, a 2018, gwamnati ta ƙara harajin mai da sunan kare yanayi, mutanen karkara da na bayan gari waɗanda ba su da jirgin ƙasa a ƙofar gida suka fito tituna sanye da riguna masu ruwan ɗorawa tun daga 17 ga Nuwamba, kafin shekara ta ƙare gwamnati ta janye ƙarin da ta shirya yi a gaba. Ko'ina ne, in mutum ya ga gyaran a wuyansa kaɗai aka rataya shi, zai ƙi.

Akwai ƙasar da ta bi abin daga kai, ita ce Indunusiya, ƙasa mai yawan jama'a, mafi yawansu Musulmi, mai arzikin mai da ɗimbin talakawa kamar tamu. Ita ma tallafin kananzir ya yi wa baitulmalinta nauyi. A 2007 ta fara shirin mayar da gidaje kan gas, amma ba da sanarwar ƙarin farashi ta fara ba. Ma'aikata suka bi unguwa-unguwa suna raba ƙaramar tukunya mai kilo 3 cike da gas, da murhu da tiyo da makunni, kyauta, ga gidajen masu ƙaramin ƙarfi da masu ƙananan sana'o'in abinci. Sai an gama rabo a yanki, an tabbata akwai dillalan da za a riƙa musanya tukunya a wurinsu, sa'an nan a fara janye kananzir mai tallafi daga wannan yanki. Cikin 'yan shekaru rabon ya kai gida fiye da miliyan 50. A lura da hikimar ƙaramar tukunya. Talaka ba ya sayen makamashin wata guda a dunƙule, na yau yake saye, kamar yadda yake sayen gawayin ɗari biyu a leda. Tukunyar da cikonta ya yi daidai da abin da mai ɗinki ko ɗan acaɓa zai iya fitarwa a rana ɗaya ita ce za ta iya kokawa da gawayi. Shirin bai rasa aibi ba: an yi ta samun fashewar tukwane, musamman wajen 2010, saboda tiyo da makunni marasa inganci da rashin koya wa mutane, har aka rasa rayuka. Wannan darasi ne a kan sa ido da horarwa, kuma ya fi sauƙin gyarawa a kan yunwa.

Mai gardama zai ce, ashe tallafin da muka gudu shi za mu sake komawa? Maganarsa tana da ƙarfi, domin yau ita kanta Indunusiya tana kuka da nauyin tallafin gas, kuma masu hali suna sayen tukunyar da aka yi don talaka. Indiya ta gwada wata hanya: daga 2016 ta riƙa ba matan gidajen matalauta rajistar gas da sunansu ba tare da sun biya kuɗin ajiya ba, har ta kai mace miliyan 80 a 2019, amma aka tarar da yawa ba sa sake cikawa a kai a kai don tsada, sai su koma itace da kashin shanu. Abin da ƙasashen biyu suka koyar shi ne kyautar tukunya kaɗai ba ta isa ba, tallafin kowa-da-kowa kuma rami ne. Amma tsakanin waɗannan biyu akwai fili. Tallafin fetur ya fi amfanar mai mota uku da mai fasa-ƙwauri zuwa ƙetaren iyaka. Rangwamen ciko ɗaya ko biyu a wata a kan ƙaramar tukunya, da sunan matar gida, kuɗinsa kaɗan ne in an gwada da abin da aka daina kashewa a kan fetur, kuma ana iya ƙidaya waɗanda suka karɓa. Tun da aka janye tallafin fetur, kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai. Jihar da ke da ƙarfin hana gawayi, tana da abin da za ta fara wannan da shi.

Wani kuma zai ce ai gas ma ɗan'uwan fetur ne, yana fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya, don me ba za a tsallaka kai tsaye zuwa girki da lantarkin hasken rana ba? Can ne za a dosa, kuma shirin gwamnati ma haka ya tsara, gas tukuna, lantarki daga baya. Amma ƙasar da miliyoyin mutanenta ba su da ko ƙwan fitila ba za ta ce wa mai tuyar ƙosai ta jira lantarki ba. Ba a zubar da ruwan randa don an ga hadari. Ga shi kuwa a yankin Neja Delta an shekara fiye da sittin ana ƙona gas a banza a bakin rijiyoyin mai, dare da rana. Ƙasashen da suka gina arzikinsu da kwal, suka yi alkawarin dala biliyan 100 a shekara tun 2009 ba su cika ba sai bayan wa'adin 2020 ya wuce, ba su da bakin hana matar Afirka tukunyar gas.

Saura mutanen da itace ne abincinsu: mai sara, mai faskare, mai jaki, direban mota, dattijuwar da ke kasa gawayi a ƙofar gida. In shirin ya yi nasara kasuwarsu za ta ragu, kuma ƙasar nan ta taɓa ganin yadda sana'ar makamashi ke mutuwa a bar masu ita. Kwal ɗin Inugu shi ya tuƙa jiragen ƙasanmu tun daga 1916, da jirgi ya koma dizal aka kuma samu fetur sai ramukan suka durƙushe, dubban leburori suka rasa aiki. Maganin wannan ba sai an je Turai nemansa ba, yana nan Jamhuriyar Nijar. A da doka ta mai da bishiya dukiyar gwamnati, malamin daji yana cin tarar manomi a kan itacen da ke cikin gonarsa, saboda haka manomi ya ɗauki tsiro abokin gaba, yana tumɓuke shi tun yana ƙarami. Daga shekarun 1980, a yankunan Maradi da Damagaram, manoma suka fara barin kututture ya yi toho, suna rage rassa suna renon masu ƙarfi, hukuma kuma ta sassauta har manomi ya tabbata bishiyar da ya rena tasa ce. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 ta haka, da bishiya kusan miliyan 200, gawo ya fi yawa a wurare da dama. A 1992 kuma ƙasar ta kafa kasuwannin itace na karkara, inda ƙauye ke kula da dajinsa, a yanka masa iyakar abin da zai sara a shekara, ya riƙe wani kaso na harajin. Tsarin bai tafi daidai a ko'ina ba, amma ya nuna cewa mai sara yakan zama mai gadi in yana da rabo a cikin abin da ya tsare. Ƙauye ba zai bar itace gobe ba ko da gas ya yi araha, don haka murhu mai cin itace kaɗan, wanda maƙeranmu da magina tukwane za su iya yi, da haƙƙin manomi a kan bishiyarsa, su ne rabon karkara a cikin shirin. Waɗanda suka bar gawayi a birni kuwa su ya kamata a fara ba dillancin ƙananan tukwane, tun da sun riga sun san kowane gida a unguwa.

Akwai abu guda da ya kamata mutanen Arewa su sani don kada a rufe musu baki da shi. Bututun gas da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, gas ɗin tashoshin lantarki da masana'antu zai ɗauko, wanda ba irin na tukunyar girki ba ne. Na girki har yanzu mafi yawansa a tanka yake hawowa daga Kudu, kowace kilomita kuma da kuɗinta a kan mai saye. Saboda haka idan ɗan majalisar jiha ya kawo dokar hana gawayi, jama'ar mazaɓarsa suna da ikon tambayarsa rumbun ajiyar gas nawa aka gina a jihar, wurin ciko nawa ne a ƙaramar hukumarsu, nawa ne cikon ƙaramar tukunya, kuma a wane layi na kasafin kuɗin bana aka rubuta abin da za a yi wa masu sana'ar da za a rufe. In babu amsa, a nemi a rubuta a cikin dokar kanta cewa hanin ba zai fara aiki a ƙaramar hukuma ba sai an buɗe wuraren cikon da aka ambata a cikinta.